Tutar da Ɓera Ya Ci

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Nomau ake ce masa, tsohon soja ne, amma yawancin mutanen garin Gudau suke kiransa, domin an kore shi daga aiki bisa zargin ya gudu daga fagen daga ya bar 'yan'uwansa.

Ku saurara da kyau: ba shi ya gudu ba. Sajensu ne, Mantau, ya gudu, da ƙura ta lafa kuma ya riga shi zuwa gaban manya, ya ɗora masa laifin. Mantau ya dawo gida da lambar yabo, Nomau ya dawo yana facin buhu a kasuwa. Ƙanensa Jatau kaɗai Nomau ya gaya wa gaskiyar.

Tsofaffin sojojin garin suna da al'ada. In ɗayansu ya rasu, sukan rufa tuta a kan makara. A bakin kabari sai a janye ta, tunda Musulmi da likkafaninsa kawai yake tafiya, a ninke, a miƙa wa babban ɗansa. Sharaɗi biyu ne: wanda ya gudu ba a rufa masa, kuma mai ninkewa sai wanda suka je fagen daga tare da mamacin.

Ranar da Mantau ya rasu aka duba, duk 'yan rundunarsu ƙasa ta cinye, saura Nomau. Dole aka aika masa. Mutane kan tuna da kai in babu wani.

A hanya Jatau ya ce, "Yaya, yau ce ranarka. Magana ɗaya za ka yi a janye tutar nan tun daga ƙofar gida."

Nomau ya ce, "Ɗaga ƙafa, Jatau, kada mu rasa salla."

Da aka janye tutar a maƙabarta, sai Nomau ya ga ɓera ya ci gefenta a ɗakin ajiya, rami har hannu zai shige. Bai nuna wa kowa ba. Ya fara ninki daga wannan gefen, ya tura ramin ciki, ya ninka, ya sake ninkawa, ya shafe da tafin hannu, har ta fito sumul.

Isiyaku, babban ɗan mamacin, ya karɓa da hannu biyu. A gaban jama'a ya ce, "Baba, kai ka gan shi a can. Wane irin soja ne mahaifina?"

To, ku lura. In ya ce jarumi ne, ya yi ƙarya a bakin kabari. In ya faɗi abin da ya faru, ya wanke sunansa, ya bar wa yaron abin kunyar da zai bi shi har jikoki.

Nomau ya ce, "Akwai ranar da ƙishirwa ta kusa kashe ni, ya ba ni ruwan gorarsa, shi bai sha ba. Wannan na gani da idona. Sauran yana wurin Wanda ya fi ni sani. Allah Ya gafarta masa."

A hanyar komawa Jatau ya ce, "Ka rufa masa. Sunanka fa?"

"Sunana ya saba," in ji Nomau. "Yaron nan bai gudu daga ko'ina ba."

Na ga kuna jira in ce daga baya gaskiya ta fito, an nemi gafararsa. Ba ta fito ba. Ya mutu yana Gudau, makararsa ta fita babu tuta. Mu ma da muka ji, Jatau ne ya kasa riƙe bakinsa da ya tsufa, bayan iyalin Mantau sun bar garin.

Na zauna a tabarmar makoki, na san abin da ake yi. A shafa fatiha da hannu, kafin a kai bakin titi an tone mamacin da baki. Darasin ke nan: kada ku yi wa matacce ƙarya, kada kuma ku yi masa tsirara. Ku nemo alheri ɗaya na gaskiya ku faɗa, ku ninke sauran ciki. Kowannenku akwai inda ɓera ya ci, kuma ba ku za ku zaɓi hannun da zai ninke ku ba.