Teburin Dutse a Cikin Ƙaramin Jirgi

Akwai wani ɗan kasuwa da Allah ya buɗa wa, ya sayi ƙaramin jirgin sama mai kujeru shida. Da ya leƙa ciki, teburin bai yi masa ba. Wai shafal yake kamar faranti.

Ya ce a cire, a kafa na dutse irin na falonsa, a ƙara firji da kafet mai kauri.

Tsohon injiniyan da ke kula da jirgin ya ce, "Yallaɓai, waɗanda suka ƙera shi ba rowa suka yi ba. Komai a aune yake. Abin da ka ƙara yau, wata rana mutum za a sauke a madadinsa."

"Baba, jirginka ne ko nawa?"

Aka kawo wasu suka yi aikin, hukuma ta sake auna jirgin, aka ɗaure tebur da ƙusoshi.

Bayan wata huɗu ciwo ya kayar da mahaifiyar mai jirgin a garinsu. Likita ya ce a kai ta babban asibiti a yi aiki a ranar. Filin jirgin garin gajere ne, ga rana tsaka.

Matuƙi ya duba mutane: mara lafiya, likita, nas, ƙanwar mai jirgin, tukunyar iska biyu, sai shi mai jirgin. Ya yi lissafi sau biyu.

"Yallaɓai, da zafin nan jirgi ba ya ɗagawa da wuri, titin kuma ba shi da tsawo. Mun yi nauyi. Mutum ɗaya zai sauka."

"A cire teburin."

"Aikin kwana biyu ne."

Mai jirgin ya kalli ƙanwarsa. Ita ke riƙe da kan tsohuwa, ita ta san lokutan maganinta. Ya ɗauki jakarsa ya sauko.

Awa goma sha ɗaya ya yi a mota. Kafin ya isa an gama aiki. Ƙanwarsa ta ce sau uku Mama ta tambaye shi kafin a shiga da ita.

Da ta farfaɗo ta daɗe tana kallonsa, duk ya yi futu-futu.

"Kai mai jirgi, a ƙasa ka zo?"

Ya gyara mata bargo.

Darasi: Kuɗi na sayen abu, amma ba ya sayen saninsa. In wanda ya san aiki ya ce maka a'a, tambaye shi dalili kafin ka nuna masa iko. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.