Masaƙiyar da Ta Daina Jin Mai Kira

A can ƙasar Farisa an yi wata mace masaƙiyar darduma, shekararta talatin tana aiki a gidan wani maigida, ba ta da wani gida sai nan. Dardumarsu ba irin wadda inji ke tofowa ba ce. Da hannu ake ƙulla ulu a jikin zaren tsaye, ƙulli bayan ƙulli, sai a shekara biyu a kan guda ɗaya. Masu ƙullin kuma ba sa ganin zanen. Maigidan ne ke riƙe da shi, yana zaune a bayansu yana kira: ja uku, shuɗi biyar, fari ɗaya. Abin da aka gama sai a naɗe a jikin itacen da ke ƙasan masaƙar, ba mai sake ganinsa sai ranar warwarewa.

Ana nan sai maigidan ya ce za a saƙa darduma mai zanen lambu domin bikin ɗansa. Wadda ta bi kira za ta zauna a gidan muddin ranta, wadda ta ɓata kuwa ta san inda ƙofa take.

Wata rana da rana tsaka matar ta ji murya ta biyu. Ba daga baya take zuwa ba, daga tsakanin zare take fitowa, siririya, irin muryarta sak. Kafin maigida ya ce kore, muryar ta riga shi ta ce baƙi. Ta kuma raɗa mata cewa hannunta ya fi bakin tsohon nan sanin aiki. Sai matar ta ƙulla baƙi ɗaya. Ba abin da ya faru, gashin ulu dogo ne, ya rufe. Kashegari ta ƙulla goma.

Wadda ke zaune kusa da ita ta leƙa ta ce, “Yaya, ɓera ne ke cin baƙin ulunki?” Ta ce mata ta ji da nata kwandon, ita da ta zo jiya.

Maigidan ma ya tambaye ta ko akwai abin da za ta kwance. To, ƙulli ba ya kwantuwa shi kaɗai, sai an warware duk layukan da ke samansa. Ta duba, aikin mako guda ne, ga kunya a gaban ƙannenta na wurin aiki. Ta ce babu. Da ya sake tambaya, ya zama aikin wata shida. Daga nan in ta waiwaya sai ta riƙa ganin bakinsa yana motsi, amma ba ta jin komai sai muryar nan.

Ranar warwarewa aka shimfiɗa dardumar a tsakar gida, aka sa almakashi aka aske gashin. Furanni suka fito, da tsuntsaye, da rafi. A gefen da matar ta saƙa kuwa, a tsakiyar furannin, ga wani baƙin rami dogo, an tara ƙasa a bakinsa. Ba wanda ya auna, amma kowa ya ga daidai tsawon matar ne.

Ta ce, “Baba, ba ni na zana wannan ba.”

Ya ce, “Na sani, ’yata. Hannun wa ya ƙulla?”

Aka yanke gefenta aka naɗe, aka ɗora mata a ka. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran muryar ta gaya mata gabas ko yamma. Shiru.

To, ku buɗe kunne, ga ma’anar misalin nan. Maigidan shi ne Ubangiji, kiransa kuma Maganarsa ce da ake karanta muku. Dardumar ranku ce, kowace rana ƙulli ɗaya. Muryar nan ta Shaiɗan ce, kuma ba ya zuwa da ƙaho, da muryarka yake zuwa, yana yabonka. Naman da ka tsame a tukunya ka ce kyanwa ce, ƙulli ne. Gabar da kike yi da ’yar’uwarki tun Kirsimeti, ƙulli ne. Don ba a kama ku ba, kada ku ce ya wuce. Naɗe shi aka yi, ranar aski tana nan.

Kunyar yau aikin mako guda ce. Duk mai abin kwancewa, ya je ya kwance kafin ya sa hannu a tuwon rana.