Shekarar da Kura Ta Hana Cewa Babu

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya gyara zama!

Ta zo mu ji ta, Iya!

An yi wata shekara Zaki ya yi tafiya, ya bar wa Kura riƙon gari. Ita kuwa Kura cikin fatara ta tashi, kalmar da ta fi ji a bakin uwarta ita ce "babu". Tana hawa mulki ta sa aka yi shela: duk wanda ya ce "babu", bulala ɗari, ko shi wane ne.

Tana da rumbu cike da kilishi, sai ta rasa wanda za ta ba tsaronsa duk garin sai Gizo. Ku ji wauta! Gizo ya ce bari ya ɗanɗana ya ji ko gishiri ya ji. Daga ɗanɗano sai ga rabi ya tafi.

Kura ta ce, "Gizo, yaya rumbu?"

Gizo, da tsamin bakinsa, ya ce, "Yanki ya daɗe, ya ɗan ja baya."

Ta ce, "To, ka matso da shi gaba."

Bayan kwana bakwai ta ce, "Gizo, yaya rumbu?"

"Yanki ya daɗe, sai ɗan abin da ba a rasa ba."

Ta ce, "Madalla, tunda ba a rasa ba."

Ranar da Gizo ya lashe na ƙarshe, har ya suɗe yatsu, Kura ta sake cewa, "Gizo, yaya rumbu?"

Gizo ya yi lissafi. In ya faɗi gaskiya bulala, in ya yi shiru haƙori. Sai ya durƙusa ya ce, "Yanki ya daɗe, ya yi albarka."

Kun san a gidan mutunci haka ake cewa in abinci ya ƙare. To, Kura ba ta taɓa zama a gidan mutunci ba. Ta yi tsalle ta ce, "Albarka? Ashe ƙaruwa ya yi! A kira kowa walima!"

Da hantsi dabbobi suka taru, Giwa a gaba. Kura ta cusa kai cikin rumbu, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito, idonta jawur a kan Gizo.

Giwa ta ce, "Uwar gari, yunwa muke ji. Me kika gani a ciki?"

Kura ta tuna dokarta ta ce, "Ana ɗan ƙamfa."

Gizo ya yi caraf ya ce, "Ƙamfa ai da saura. A fito da shi!"

"Wato, ƙaranci ne."

"A fito da ƙarancin mu raba!"

"Ya yi kaɗan, nake nufi."

"Kaɗan ɗin muke so!"

Dabbobi suka ɗauka gaba ɗaya, "Kaɗan ɗin muke so! Kaɗan ɗin muke so!"

Ran Kura ya ɓaci, ta kurma ihu, "Babu! Babu! Babu ko ƙyas, ɓarawon nan ya cinye!"

Gizo ya ce, "Jama'a, ni dai sau uku na ji."

Ba wanda ya ƙara bi ta kan kilishi. Giwa ta karyo reshen tsamiya, aka kwantar da Kura. Kafin a cika ɗari uku ƙugunta ya saɓule, har yau da haka take tafiya. Gizo kuwa ya sulale ya haye rufin ɗaki, cikinsa fam.

To, yara, wanda ya hana a gaya masa babu, rumbu wayam zai tarar, ga kuma duka.

Ƙurunƙus kan ƙadangare, kowa ya nemi tabarmarsa!