Magen Gwaggo Hansatu

Ku matso kusa, yau ku ne alƙalai.

A wani gari na bakin kogi an yi wata tsohuwa, Gwaggo Hansatu. Ɗanta guda ne, ya rasu a hatsarin mota, bai bar mata komai ba sai wata farar mage da ya tsinto tun tana jaririya. Tun daga rasuwar, Gwaggo ba ta kai loma baki sai ta ga magen ta ci. Tana da ƴan haya uku, dukansu aminan juna: Ilu mai gyaran takalma a gindin bishiya, Tukur tela mai yawo da keke a kafaɗa, da Ɗanjuma mai gyaran rediyo a bakin titi.

Wata safiya cikin damina magen ta ci ɓeran da aka sa wa guba. Ta kwanta tana karkarwa, kumfa na fita daga bakinta. Gwaggo ta zauna a gabanta, ta ture kokon da aka kawo mata, ta ƙi shan maganin hawan jininta. "In ta tafi, me zan zauna yi?" Abin da kawai ta ce ke nan. Hankalin gidan ya tashi.

Ilu ya fita neman likitan dabbobi. Ya tarar da ofishinsu a kulle. Ya je kara, dillalan shanu suka yi masa dariya, kafin wani ya ce likita yana ƙetaren kogi yana yi wa garke allura. Ga kogi ya cika ya batse, ga Ilu tun da ruwa ya ci yayansa bai ƙara taka jirgi ba. Ya shiga kwalekwale ido a rufe, yana salati. Da ya isa rugar, likita ya dube shi ya ce, "Don mage ka ƙetaro wannan ruwa?" Ilu ya ce, "Don tsohuwa ne, ranka ya daɗe." Likita ya ɗauki jakarsa.

Da likita ya duba magen, ya ce za ta iya tashi, amma sai an yi mata ƙarin ruwa da allurai masu tsada, kuma a ci gaba da rigakafi da maganin tsutsar ciki lokaci-lokaci. Gwaggo ba ta da hali. Tukur ya shiga ɗaki, ya saɓo kekensa, wanda da shi yake ci da ƴaƴansa, ya kai jingina kasuwa. Ya kuma ce rigakafin gaba a bar masa.

Saura jinya. Likita ya ce sai an riƙa ɗiga mata ruwa da romo a baki kaɗan-kaɗan, a riƙe ta a jiki don ɗumi. Hannun Gwaggo rawa yake yi, Ilu da Tukur kuwa magen ba ta yarda da su. Ɗanjuma kaɗai take bari ya taɓa ta, shi kuma yana da asma, gashin mage ke tayar masa da ita. Ya ɗaura ƙyalle a hanci ya rungume ta kwana da kwanaki, ƙirjinsa na fito, har sai da numfashinsa ya sarƙe aka kwashe shi zuwa asibiti. Da aka sallamo shi, ya koma ya ɗauke ta. Shi ne kuma yake ce wa tsohuwar, "Gwaggo, kallonki take yi fa. In ba ki ci ba, ba za ta ci ba."

Magen ta miƙe, Gwaggo ta ci tuwo. Sai ta kira su ta ce akwai shago ɗaya a ƙofar gida, ɗan ƙarami wanda ba ya ɗaukar sana'a biyu, za ta ba da shi kyauta ga wanda ya ceto mata ran magenta. Ta riƙe makulli ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta kasa miƙa hannu.

To, Ilu da ya nemo likita, da Tukur da ya biya, da Ɗanjuma da ya yi jinya, wa za ta miƙa wa makullin?