Manomin da Ya Ce Nono Ruwa Ne

Akwai wani manomi a kwanakin da, tun ba a san sikelin asibiti a ƙauye ba. In an haifi yaro, kakarsa takan ɗaura masa zare a ƙugu. Ranar da zaren ya matse sai ta tsinke shi ta ɗaura wani, gida ya ɗauki guɗa. Allah sarki, ina kwanakin nan suke yanzu.

Sai bayan shekara bakwai da aure Allah ya ba manomin nan ɗa. Kowace safiya kafin ya saɓa fartanya yakan sa yatsa ƙarƙashin zaren, ya ji da sauran wuri, ransa ya ɓaci. Shi kuwa mutum ne da ya yarda da taki: in gona ta yi nawa, ƙara mata ake yi. Yaron yana da wata biyu, sai ya ce wa matarsa, "Nono ruwa ne. Dama masa kunu."

Ta ce, "Maigida, bai kai ba."

Ya ce, "Ɗana ne ko na wani?"

Ta dama, ba da son ranta ba. Yaron ya sha, ciki ya cika, ya rage kama nono. Kafin mako biyu gudawa ta kama shi, nonon uwar kuma ya fara janyewa. Wata safiya manomin ya ɗaga ɗansa, zaren ya zame ya faɗi ƙasa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya ruga wurin mahaifiyarsa.

Tsohuwar ta zo, ta ɗauki ƙwaryar kunun ta miƙa wa surukarta. Ta dubi ɗanta ta ce, "Kai da ka san taki yana ƙone ƙaramin tsiro? Uwar za ka ciyar, ita ta ciyar da ɗan." Yaron ya koma ga nono, ya rayu, amma sai da damina ta wuce kafin ya murmure.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: jaririn shi ne sabon mai bi, nonon kuwa koyarwar farko. Iyayenmu a cikin ikkilisiya sukan zauna da mutum shekara guda a gindin itace suna koya masa addu'a, ba sa ƙosawa. Mu kuwa yau aka yi masa baftisma, gobe mun ɗora masa shugabancin ƙungiyar zumunta a ikkilisiya. Saboda ƙauna muke yi, manomin ma yana ƙaunar ɗansa. Kafin ku ce wane ya ja da baya, ku tambayi kanku wa ya dama masa kunu.