Maharbin da Ya Bi Sawun Hular Sarki

Tun ba a ja ganuwa ko ɗaya a wannan yanki namu ba, lokacin da giwaye ke kiwo inda kasuwa take ci yanzu, an yi wani maharbi mai suna Nomau. Tsofaffinmu sun ce yakan bi sawun gada a kan falalen dutse, kuma in tsuntsu ya yi kuka ya san abin da ya gani. Har yau maroƙa na yi masa kirari: Nomau na gindin kanya, kunnen daji, mai gani kafin ya faɗa!

Wata bazara ya bi wani farin gwanki tun hantsi har rana ta karkata. Gwankin ya tsaya a gindin wata ƙatuwar kanya, ya tona ƙasa da kofato, ya waiwayo ya dubi Nomau, sai ya ɓace ɓat. Da Nomau ya cusa hannu a ramin ya ji danshi. Nan ya kafa bukka, manoma da maƙera suka yi ta zuwa suna kafa nasu, har wuri ya zama gari. Sai dai ruwa ya gagara. Tafkin da suke sha yakan ƙafe da rani, kuma a cikinsu babu wanda ya san haƙar rijiya.

Mutane suka ce Nomau ya zama sarkinsu. Ya yi dariya har kwarinsa ya zame daga kafaɗa. Ya ce, "Ni da ba na iya zama wuri ɗaya har tuwo ya huce? Ku dai jira, mai sarautar na zuwa."

Ai kuwa ya zo. Wani ayari ya sauka daga gabas, mutanen da yaƙi ya cinye garinsu. Jagoransu Tunau ne, dogon mutum mai sanyin magana, tare da matarsa Tarana da danginta, waɗanda haƙar rijiya ce gadonsu. Nomau ya ga yadda Tunau ke raba nama, nasa ne kullum na ƙarshe kuma mafi ƙanƙanta. Ya ɗauki jar hula ya ɗora masa a gaban jama'a, ya ce ga sarkinku. Dangin Tarana kuma suka shiga haƙa a gindin kanya, daidai inda gwanki ya tona.

Haƙa ta yi nisa, an kai ga wani dutse mai taurin tsiya, sai ga wata magana ta ɓullo a gari. Wai gidan sarki ba lafiya. Wai Tarana na kiran mijinta bawanta. Kafin kasuwa ta zagayo an ce ta kwaɗa masa muciya, kafin wata ta zagayo muciyar ta zama taɓarya. Mutanenmu fa ba dama wajen ƙarin gishiri, kuma ba yau suka fara ba. Rannan da safe, cikin watan cika-ciki, aka ga sarki ya leƙo zaure kai ba hula, ya yi wuf ya koma ciki. Shi ke nan, gari ya ɗauka: ta ƙwace hular, sarauta take so ta miƙa wa danginta!

Babu wanda ya tambayi sarki, don ba a tambayar sarki sirrin gidansa. Babu kuma wanda ya faɗa wa mahaƙan abin da ake ciki. Kawai aka daina gaishe su, aka daina aika musu fura bakin rami. Su kuma suka ga gari ya juya musu baya, suka fara naɗe igiyoyinsu. Dattawa suka yanke cewa ranar kasuwa mai zuwa za su roƙi sarki ya sallami matar.

Nomau ya dawo daga daji ya tarar da wannan kwamacala. Ransa ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya kama shi. In Tarana ta tafi danginta sun tafi, in sun tafi ba rijiya, in ba rijiya garin da ya tara zai watse kafin rani ya ƙare. Ga shi kuma shi ya ɗora hular da hannunsa. Ya tsaya gaban dattawa ya ce, "Wa ya gani a cikinku?"

Wani daga cikinsu ya ce, "Haba Baba Nomau, ai duk gari ya sani."

"Duk gari ba shi da ido. Ku ba ni zuwa ranar kasuwa. Abin da ya yi tafiya, ya bar sawu."

Ya rataya bakansa a bukka ya shiga farautar magana. Maƙeri ya ce wurin wanzami ya ji. Wanzami ya rantse shi muciya ya ce, bai san inda aka samo taɓarya ba. Ya tura shi wurin surukarsa, ita kuma ta ce ita fa ba ta ce an doke shi ba, cewa ta yi mai kiran mijinta bawa ai dukansa ma za ta iya. Nomau ya lura da abu guda: duk dabbar da ya taɓa bi, sawunta ƙara fitowa yake in an kusa da ita, wannan kuwa sai ƙanƙancewa yake yi. A ƙarshe sawu ya kai shi gidan Hakama, wata mai fura da danga ɗaya ta raba ta da gidan sarki.

Ya ce, "Hakama, da kunnenki kika ji?"

"Da kunnena, Baba. Cewa ta yi, 'Kai bawana, zo ka ɗauke mini tulun nan.' Har ludayi ya faɗi daga hannuna."

"Daga nan kuma me kika ji?"

Ta ce, "Dariya."

"Dariyar wa?"

"Ta sarki. Har da tari."

"To me ya hana ki faɗi wannan?"

"Yo ai ba wanda ya tambaye ni, Baba. Ina kaiwa kan bawan kowa sai ya dafe ƙirji ya ruga."

Nomau ya girgiza kai, ya miƙe ya nufi gidan sarki. Shi kaɗai ne ke shiga har tsakar gida, don uba suka ɗauke shi. Yana yin sallama ya yi turus. Ga Sarki Tunau, mai gari guda, kai ba hula, riƙe da tsintsiya yana sharar gindin turmi. Ga Tarana zaune a kan kujera, jar hula a cinyarta, tana nuna masa inda ya tsallake.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, me nake gani haka?"

Tarana ta durƙusa ta gaishe shi tana ƙunshe dariya. Ta ce, "Fansar hularsa yake yi, Baba. Bawana ne, ɗan gwaggona ne. Cika-ciki, watan taubasai, ya kama, kuma bai biya ni kuɗin sharata ba."

Sarki ya ce, "Kada ka saurare ta, Baba. Ita ce baiwata. Uwata ce ta goyi ubanta, har ya yi mata fitsari a baya."

Ashe taubasai ne! Ɗan mace da 'yar namiji, waɗanda tun suna rarrafe suke tsokanar juna kamar yadda al'ada ta ba su dama, aure kuma bai kashe wasan ba. Kowa a garin yana da nasa taubashin, kowa ya san wasan. Amma da yake baƙi ne, a waje kuma Tarana ko ido ba ta haɗawa da mijinta don kunya, babu wanda ya kawo haka a ransa. Nomau ya yi dariya har ya zauna a kan turmi.

Da ya gaya musu abin da gari ke faɗa da abin da dattawa suka yanke, sai dariya ta ɗauke. Tarana ta ji zafin abin har hawaye suka zubo mata. Ta miƙa wa mijinta hular da hannu biyu, ta ce daga yau ta bar wasan. Sarki bai karɓa ba. Ya ce, "Baba, garinmu ya ƙone, iyayenmu sun rasu a hanya. Wannan wasan kaɗai muka fito da shi. In ta kira ni bawanta, muryar gidanmu nake ji."

Nomau ya ce, "To ba za a bar shi ba. Danga ce ta jawo wannan. Ku fito da shi fili."

Ranar kasuwa gari ya taru a gindin kanya. Dattawa sun gyara murya ke nan, mahaƙa na gefe da kayansu a ɗaure, sai ga Tarana ta ratso taro. Ta isa gaban sarki ta fige hular daga kansa. Mata suka yi salati, wanzami ya nemi hanyar gudu. Ta ɗaga murya ta ce, "Ɗan gwaggona, bawan gidanmu, in kana son hularka, sauka ramin nan ka ba ni ruwa!"

Mahaƙa suka fara tuntsirewa da dariya, don su sun san wasan. Wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Af! Taubasai ne ashe!" Dariya ta kama taro daga wannan gefe zuwa wancan, dattawa suka sunkuyar da kai suna sosa ƙeya. Sarki ya tuɓe riga, mahaƙa suka kwance igiyar da suka naɗe, suka zura shi cikin rami da diga a hannu. An ce bugunsa na fari dutsen nan da ya gagare su ya tsage, ruwa ya yi tsiri har ya kai masa ƙugu. Ya fito jiƙe sharkaf da ƙwarya cike, ya durƙusa ya miƙa mata. Ta sha, ta yamutsa fuska ta ce bai yi sanyi ba, sannan ta mayar masa da hularsa, ta gyara masa zamanta a kai.

Mahaƙan ba su tafi ba, jikokinsu ne ke zaune a unguwar da ke yamma da masallaci. Garin shi ne Kanyar Nomau, rijiyar kuma ita ce Rijiyar Taubasai, wadda ba a taɓa ganin ƙasanta ba. Duk shekara in cika-ciki ya zo, uwargidan sarki kan cire masa hula a bakinta, ba ta mayarwa sai ya jawo guga da hannunsa. Kuma in ka je garin, ka kuskura ka kawo labarin gidan wani, ba za a yi maka musu ba. Za a bari ka gama tsaf, sannan wani ya dube ka ya ce, "To, daga nan kuma me ka ji?"