Sheƙar Gaurakar Rukmini

Akwai wani mutum a garinmu Mainpuri na ƙasar Indiya, sunansa Devendra Sengar, mai shagon sayar da tayal. Yana cikin ƙungiyar masu kallon tsuntsaye, kuma kyamararsa ta fi ta kowa dogon baki. Amma fa in an fita ƙidaya, ba ƙidayar ce ta kawo shi ba. Mutane suna cikin taɓo har gwiwa suna lissafa agwagin ruwa, gogan naku yana kan gaɓa yana gyara hula, yana jiran hoton da za a yabe shi a kai.

A ƙungiyar akwai Rukmini Katiyar, tsohuwar malamar makaranta. Tun da mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse birane, ba abin da ke fito da ita daga gida sai fitar ranar Lahadi. Kowa Didi yake ce mata, wato Yaya. Ƙungiyar nan ita ce danginta, ita ce hirarta.

Suna da doka guda. Duk wanda ya gano sheƙa, shi ne mai gadinta. Ba ya gaya wa kowa wurin, kuma ba a matsawa kusa sai an ƙyanƙyashe.

Da damina Rukmini ta gano sheƙar gauraka, irin dogayen nan masu jan kai da muke kira saras. Tana tsakiyar kacala a bayan wata gonar shinkafa, da ƙwai biyu a ciki.

Devendra ya tare ta wajen mai shayi.

"Didi, hoto ɗaya tak. Ki nuna min wurin."

"Devendra-ji, ka bari su ƙyanƙyashe, ni da kaina zan kai ka."

Ya yi dariya har shayi ya zubo masa a riga. "Ke da idon naki ya ƙare, me ma kike gani a can? An ba mara haƙori rake!"

Da ta kama hanyar gona, ya bi ta a babur daga nesa.

Washegari da rana tsaka ya koma shi kaɗai da lauje. Kacala ta tare masa ido, sai ya share gefe guda tas. Uwar ta tashi tana kuka, tana kewaya shi. Ya laɓe har ta dawo ta tsaya a kan ƙwanta, ya ɗauki hotunansa, ya hau babur ya tafi.

Sheƙa ta zama a fili kamar faifai a tsakar gida. Hankaki kuwa ba sa buƙatar gayyata.

Da Rukmini ta zo, ɓawo kawai ta tarar. Gaurakin biyu suna tsaye a wurin, sun ɗaga wuya sama suna ta kira. Ta zauna a kan kunyar gona ta yi kuka, wallahi kamar an yi mata sabuwar mutuwa.

Ranar Lahadi ta gaya wa ƙungiya cewa wani ya yanke kacalar. Kafin ta rufe baki Devendra ya miƙe.

"Wani? Wane wani? Wa ya san wurin in ba ke ba? Ni na roƙe ki kika hana ni, kowa shaida ne. Ke kika yanke don ki hango daga gaɓa, tunda ido ya mutu. Tsufa ba laifi ba ne, Didi, amma ki zauna a gida ki ja carbi."

Wasu suka yi dariya. Ka ji rashin imani!

Rukmini ta juya wajen shugaban ƙungiya, dattijo Shafiq Warsi, wanda take kira Bhai Sahab, wato babban yaya. "Bhai Sahab, kai ma ka yarda?"

Ya kau da kai. "Doka doka ce, Rukmini-ji. Sheƙa a hannunki ta lalace. Ki huta tukuna."

Aka cire ta daga zauren wayar ƙungiya a ranar. Magana ta kai ƙauye, manoman da suke ba ta madara suka daina amsa gaisuwarta, don a wajenmu wanda ya cuci saras ba a son ko inuwarsa. Ta shige gida ta rufe ƙofa.

To, da Devendra ya ɓoye hoton nan, da shi ke nan. Amma mai son yabo ba ya iya haɗiye abu.

Da sanyi ya shigo aka yi taron shekara, aka kafa majigi. Ya haska hotonsa a bango: gauraka tsaye a kan ƙwai biyu, rana ta zuba mata a wuya. Aka yi ta tafi.

"A can garin Etawah na ɗauka," in ji shi, "daga nesa ƙwarai."

Sai dai masu ƙidaya suna da wata ɗabi'a. Ba sa ganin ƙafar tsuntsu su wuce. Wata mata daga baya ta ce, "Kamar da zobe a ƙafarta. A ƙara girman wurin mu gani."

Aka ƙara. Koren zobe ne, irin wanda ƙungiyar ta saka wa 'ya'yan gauraki da hannunta shekarun baya. Devendra bai taɓa zuwa aikin saka zobe ba, yana cewa aikin taɓo ne. Bai ma san a duba ba.

Shafiq Warsi ya matso har hancinsa ya kusa taɓa bango, ya karanta lambar zoben. "Wannan tamu ce. Ita ce ta bayan gonar shinkafa. Sauko da hoton ƙasa."

Aka sauko. Ga kututturan kacala an sare su ƙat, bakinsu ɗanye shar, ganyen yana yawo a ruwa ko yaushi bai yi ba. Ga ƙwai kuma lafiya lau.

Devendra ya juya wajen dattijon.

"Baffa, bari in yi bayani..."

"Ɗauki kyamararka ka fita."

Ya fita, ba wanda ya matsa masa kujera. Yau ko gefen gona ya tsaya da babur, manoma da sanda suke fitowa. A kasuwa kuwa Mai Lauje ake kiransa, har a gaban 'ya'yansa.

Washegarin taron dattijon ya ɗebi mutane da kwalin alewa suka tafi gidan Rukmini. Ta rame, gashi ya ƙara fari. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo shayi, ta saurare su har suka gama.

"Ki dawo, Didi," suka ce. "Mun ga shaida da idonmu."

Ta daɗe tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ga guntun ciyawa a bango, kun yarda nan take. Ni shekara da shekaru kuna ganina a taɓo tare da ku, ba ku yarda ba. Ku sha shayinku kada ya huce."

Ba ta koma ba har yau.

Darasi: Mai girman kai da kansa yake tona asirinsa, domin son yabo ba ya barin sa ya yi shiru. Amma ku kula, ranar da gaskiya ta fito ba lallai ta gyara zuciyar da aka karya ba. Kada ku yanke wa mutumin kirki hukunci don mai babbar murya ya yi magana. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana dab da juya wa wata Rukmini baya.